Kwalaben da Verlene Tuggle Ta Bari a Kan Shinge

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da hantsi, Allah ya yi wa Verlene Tuggle rasuwa a gidanta da ke layinmu a garin Gary, tana da shekara saba'in da takwas. Mai kawo wasiƙa ne ya lura ba ta fito ba. Ni da shinge ɗaya ya raba mu, sai a bakin mai wasiƙar na ji.

Yaya Verlene, shekara talatin muna maƙwabtaka. Ke kika wanke ni da na haihu, ke kika riƙe hannuna a coci ranar da aka binne mijina. Babu gidan da bai ci kuɓewarki da tumatirinki ba. Duro biyu kika ajiye ƙarƙashin indararo, yadda mahaifiyarki ke yi a ƙauyensu na Mississippi. Ruwan famfo kuwa ko kallo bai ishe ki ba.

"Dorothea, ki yi ta shan tsatsar bututu," kike ce mini. "Ni nawa daga sama yake zuwa, ba hannun kowa a ciki."

Da aka kawo jikata Janiya tana jaririya, uwarta na aiki, ke kika karɓi renonta. Da ruwan duron nan kike dama mata madara, bayan kin tafasa shi sau biyu don tsabar kulawa. Ba mu san ƙurar masana'antun ƙarfe na kwanciya a kan rufinmu ba, ga tsohon fentin gidan, ruwa ya wanke duka ya zuba a duro. Ba mu san tafasawa ba ta kashe gubar dalmar da ke cikinsu ba, sai ma ta ƙara mata yawa a abin da ya rage a tukunya. Likita ne ya faɗa mana, bayan ya auna jinin yarinyar ya ga dalmar ta yi mata illa.

Na zo ƙofarki na faɗa miki maganar da ba zan maimaita ba. Ba ki kare kanki ba. Kika kifar da durunan, kika bi layi gida-gida kina cewa, "Ni ce na shayar da ita. Kada ku yi irin nawa." Wasu suka ji, wasu suka daina amsa gaisuwarki. Ina cikin na biyun.

Shekara takwas ke nan. Duk ranar da hadari ya haɗu, sai in hango ki ta taga kina jera kwalabe a kan shinge. In ruwan sama ya cika su, ki rufe, ki rubuta kwanan wata, ki hau bas ki kai ɗakin gwaji, ke kaɗai. Da takardun sakamakon gwajinki aka lallashi gidaje goma sha biyu suka cire durunansu. Kullum ina cewa gobe zan leƙo. Janiya tana karatu yanzu, a hankali, amma tana yi. Ban taɓa gaya miki ba, alhali na san shi kaɗai kike jiran ji.

Jiya an yi ruwa. Kwalabenki uku suka cika, babu mai rufewa. Na fita na rufe su, na rubuta kwanan wata. Layin nan ya yi mini shiru, kuma ina kewarki.

Ga ɗanki Lamont da iyalinsa a Memphis, Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙanki, Yaya, ya haskaka makwancinki. Na yafe miki tun tuni, girman kai ne ya hana ni tsallaka shingen. Allah ya sa kin yafe mini kafin ki tafi.