Ƙodar Hagu

Hawainiya suke kiranta a asibitin, kuma ba don yabo ba. Shekara goma sha tara tana ɗaukar hoton ciki a ɗaki mai gado ɗaya da fanka mai ƙara, ƙorafin da aka kai a kanta ya fi a ƙirga. Laifinta? Abin da wasu ke gamawa cikin minti biyar, ita sai ta kai ashirin. Sai ta auna kan jariri, ta duba ƙodar dama, ta duba ta hagu, ta gwada su. Mutane dai sai a bar su! Ɗan mutum ake dubawa, su kuwa sauri suke so kamar masu jiran mota.

Wata Talata, wata tela ta hau gadon da cikin wata takwas, uwar mijinta na tsaye a kanta. Hawainiya ta shafa mai, ta ɗora na'ura, ta ƙura wa allon hoton ido. Ƙodar jaririn ta hagu ta kumbura, ta fi 'yar'uwarta, ga wasu fararen layuka a ciki. Ta kunna launin da ke nuna gudun jini. Jijiyar da ke fitar da jini daga ƙodar, ko motsi babu.

"Baiwar Allah, barci kike?" in ji tsohuwar. "Mu dai faɗa mana, mai wando ne ko mai ɗankwali?"

"Mama, wando ba ya gudu. Ƙodar jikanki nake kallo. Ina zargin jini ya daskare a jijiyarta."

Telar ta damƙe hannun Hawainiya. "Anti, zai mutu?"

"Ban ce ba, ƙanwata. Ta dama lafiyarta ƙalau, zuciya na bugawa. Amma ba a gida za ki haihu ba, ba kuma a nan ba."

Tsohuwar ta ja tsaki, wai tara ta haifa, ba wanda aka leƙa masa ƙoda. Likita ma cewa ya yi a bari sai wani mako, layi ya yi tsawo. Hawainiya ta kafe a bakin ofishinsa da hoton, ta ƙi gusawa sai da ya duba, ya rubuta takardar babban asibiti.

A can aka tabbatar, aka riƙa sa ido har haihuwa. Likitocin jarirai suka karɓi yarinyar, suka ce yanzu fitsari ake jira, shi zai nuna ƙoda na aiki. Da ya zo, kakar nan ce ta bi baranda da jiƙaƙƙen nafkin a sama, tana nuna wa duk wanda ta haɗu da shi, har mai shara.