Ku Matsa, Kuna Kare Mota

Duk wanda ya zauna a layinmu na Garki ya san abin da Kawu Bala ke fara yi bayan sallar asuba. Zai fito da bokiti da tsumma ya hau goge tsohuwar motarsa Fijo shuɗiya, wadda ya raɗa wa suna Dattijuwa, har sai ƙofarta ta yi ƙyallin da zai gyara zaman hularsa a jikinta. Madubin ɗaki kam ban taɓa ganin ya leƙa ba.

Abin da ya tuno min da wannan, bayan ya rasu an yi sadakar bakwai, matarsa Inna Asabe ta ce in nemo mata hotonsa ko guda ɗaya ne. Jikarsu ta fari tana goye, kada ta tashi ba ta san fuskar kakanta ba. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, mutumin da ya zagaye rabin ƙasar nan da kyamara a wuya. Sai ta turo min kwalin hotuna.

Tun da ya yi ritaya, duk hutun makaranta sai ya loda mu a mota, da kular abinci da buta, a tafi ganin ƙasa. Tafiyar farko a gindin Dutsen Zuma muka tsaya. Muka jeru tsaf don hoto, Inna ta gyara mayafi, sai ya ɗaga hannu.

"Ku matsa, kuna kare mota."

Inna ta ce, "Mu fa, Malam?"

"Ku ai kullum ina ganinku. Ita kuwa yaushe za ta sake zuwa nan?"

Dutsen da take wucewa duk sati in za shi Suleja sayen doya! Haka muka koma bayansa muka tsaya. Ba ya kai kyamarar ido, a ƙirji yake riƙe ta ya danna, shi ya sa rabin hotunan a karkace suke. In ka ce ya kawo ka ɗauke shi, sai ya ce fuskarsa ai da ita yake yawo, me zai sa ya ajiye ta a takarda.

Kawu ba ya tambayar hanya, kuma ba ya juyawa. Ranar da muka nufi Gurara kallon ruwa, Inna ta gaya masa mun wuce kwanar. Ya ce allon ne aka kafa ba daidai ba. Muka yi ta tafiya har wani gari ya bayyana a gabanmu.

"Ba ɓata muka yi ba," in ji shi. "Minna ce ta riga isowa."

Ya ɗauki hoton Dattijuwa a bakin wani gidan mai, muka ci shinkafa muka dawo. Har ya koma ga Allah ra'ayinsa shi ne Gurara ba wani abin kallo ba ne, ruwa ne ke faɗowa, kuma a Abuja ma yana faɗowa da damina.

A Yankari aka ba shi shawara ya bar motarsa mu shiga ta masu zagayawa da baƙi, don hanyar dajin ta fi ƙarfin Fijo. Ya ce sam, ita ta ɗauko mu tun daga Abuja, ta haye tudun Jos ko tari ba ta yi ba, ba zai je ganin giwa ya bar ta a waje ba. Muka tafi muka bar su tare. Da muka dawo muka tarar da shi kai ba hula, wani ƙaton gwaggon biri zaune a saman motar yana juya hular a hannu. Kawu bai kore shi ba, tsoron fenti. Lallashi yake yi ƙasa-ƙasa: "Malam, riƙe hular, na ba ka. Sauka dai a hankali." Muka ce mun ga giwaye har da 'ya'yansu. Ya ce giwa ta yi asara.

To, kwalin nan na bi shi kaf. Dattijuwa a ƙofar ganuwar Kano, Dattijuwa a gindin hasumiyar Gobarau, Dattijuwa a mahaɗar ruwa ta Lakwaja. Na ce wa Inna ta yi haƙuri, babu shi. Gaskiya raina ya sosu.

Ta saka tabarau, ta zaro na Dutsen Zuma, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsa a kan ƙofar motar. Ga Kawu nan a cikin ƙyallin fenti, ɗan guntu, ƙofar ta ƙara masa faɗi, kyamara a ƙirji, yana murmushin da bai saba yi mana a gida ba. A bayansa ga Inna riƙe da kula, ga mu duka a jere. Muka duba sauran, kusan kowanne haka yake.

Ta ce wannan za a wanke babba. Na tambaye ta ko a yanke motar a bar fuskar kawai.

"Bar ta," ta ce. "In ka cire ta, a ina zai tsaya?"

Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya haskaka makwancinsa. Wannan tafiyar da ya yi shi kaɗai, Allah Ya kai shi masauki ba tare da ya wuce kwana ba.