Shanun da Ba a Ƙirgawa

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Karaye aka kawo mana sabon malamin lissafi daga birni. Mutum ne mai son kafa misali da abin da muka sani: buhunan gyaɗa, damman dawa, kunyoyin gona. Ni a benci na biyu nake, ba na ɗaga hannu ko da na san amsa. Abokin zamana wani yaro ne Bafulatani mai zuwa a keke daga rugarsu ta bayan Yammedi.

Wata safiya Malam ya nuna shi da alli.

"Kai, tashi. Shanun babanka nawa ne? Za mu raba su gida uku."

Ya tashi, ya sunkuyar da kai.

"Ba ka ji ba ne?"

"Na ji, Malam."

"To, nawa ne?"

Wani daga baya ya ce, "Malam, ɗan Fillo ai ƙwaryar nono kawai yake ƙirgawa!" Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce in bai kawo amsa gobe ba, aji ɗaya zai mayar da shi.

Da aka fita tara na sami abokina a gindin darbejiya, bai taɓa abincinsa ba.

"Baffa ya ce ranar da aka mayar da ni baya, sanda zan ɗauka in bi garke," in ji shi.

"To ka ƙirgo su mana."

"Mu ba ma ƙirga shanu. In ka faɗi adadinsu, albarkar ta tafi. Kowace da sunanta muka san ta."

Na gane, domin kakata ma ba ta yarda a ƙirga mata jikoki.

Bayan an tashi na je ƙofar ofishin malamai, na daɗe a tsaye ina murza gefen rigata. Sai da Malam ya ce, "Ɗaga murya mana, yaro," sannan na iya gaya masa cewa su ba sa ƙirga shanu. Malam ya dube ni.

"Ikon Allah. Shi ne bai gaya mini ba?"

"Kunya yake ji, Malam."

Washegari Malam ya rubuta harafin x babba a allo, ya kira abokina.

"Wannan shi ne garken baffanka. Ban tambaye ka adadinsu ba, kai ma kada ka faɗa. A ce ya sayo biyu a kasuwa ya ƙara, sun zama nawa?"

Ya ɗan jima yana duban allon. "X da biyu, Malam."

"A raba su gida uku fa?"

Ya karɓi allin, ya ƙara biyu a gefen x, ya ja layi a ƙarƙashinsu, ya rubuta uku. Daidai ne kuwa.

"Koma wurinka," in ji Malam. "Aji biyu."

Da ya zauna sai ya zungure ni da gwiwar hannu, ya rage murya.

"Ashe lissafi ma yana da kara."

A wannan bencin muka zauna tare har muka gama aji uku, kuma har yau ban san adadin shanunsu ba.