Yunƙurin da Na Ƙi Yi a Ɗakin Hoto

Ko tsufa ya kwashe min komai a ka, ba na jin zan manta ranar da kunya ta sa na yaudari na'urar asibiti, na koma gida da ciwona.

Malamar firamare ce ni a Daura, 'ya'yana biyar. Bayan haihuwar auta wani nauyi ya sauka a marata ta gefen hagu. Da safe garau nake, amma in na tsaya gaban allo, kafin azahar sai in ji kamar an ɗaura min dutsen niƙa. In na kwanta sai ya lafa, kuma lafawar nan ce ta ja min magana. Maigidana, gwanin tsokana, ya riƙa cewa, "Malama, wannan ciwo naki ya san daɗin katifa." Ina taya shi dariya, amma abin yana cina a rai. Ba abin da nake so kamar a yarda da ni.

Likita ya ce yana zargin jijiyar da ke kwashe jini daga wajen ƙwan haihuwa ce ta saki, jinin yana dawowa baya ya taru a mara. Ya tura ni hoto. Mai ɗaukar hoton namiji ne. Ya shafa man nan mai sanyi, ya ɗora na'ura, ya ce, "Hajiya, riƙe numfashi ki yi yunƙuri, kamar za ki haihu."

Ni? Ni da na haifi biyar ko maƙwabta ba su ji muryata ba, in yi nishi gaban namijin da ba mijina ba? Na ɗan kumbura kumatu na saki. Ya ce, "Kin yi?" Na ce, "Na yi." Takarda ta fito, ba a ga abin damuwa ba.

Makonnin da suka biyo baya ban san zama ba. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in buɗe takardar nan in sake karantawa kamar za ta canja. Maigida ya daina tsokanar, ya koma lallashi: "Ko dai ki rage sa abin a ranki?" Wallahi wannan ya fi min zafi. Har ni kaina na fara tunanin ko raki ne ya kama ni da girmana.

Da abin ya ishe ni na koma, na sunkuyar da kai na ce, "Likita, ni fa ban yi yunƙurin nan ba." Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce a kwance jijiyar lafawa take yi, yunƙurin ne yake tona ta. In jinin da ya juyo ya tsaya a jijiyar kaɗai, mataki na ɗaya ke nan. In ya gangaro gefen mahaifa, na biyu. In ya tsallaka dama, na uku. Da wannan ake sanin maganin da ya dace.

Wannan karon mace ya haɗa ni da ita. Ta ɗaga kan gadon, ta ce, "Yaya, ba surukai a ɗakin nan. Danna!" Na danna har idona ya kawo ruwa. Kalar da ke allon na'urar ta juya. Ta ce, "Ga shi nan ya dawo. Kai, har ya tsallaka!"

Mataki na uku ne. Na fashe da kuka, kuma kukan daɗi ne, don yau ciwona ya sami shaida. Da likita ya yi wa maigida bayani, sai maigidan ya juyo ya ce, "Ki yafe ni, Malama." Daga baya aka toshe jijiyar a wani babban asibiti, na koma ajina ina yini tsaye.

Abin da na koya shi ne, dauriyar da aka yabe ni a kanta tun ina amarya ita ce ta kusa zaunar da ni. Kunya tana da wurinta, amma ba a ɗakin likita ba. Wanda ka ɓoye wa ciwonka, kai ka hana shi yarda da kai.