Lemuel Tarpley Mai Majigin Bataliya da Fuskar Mahaifiyarsa

Haihuwa da tasowa

An haifi Lemuel Tarpley a shekarar 1931 a garin Yazoo City na jihar Mississippi, ɗa na uku ga Hosea Tarpley, manomin auduga, da matarsa Odessa, mai ba da waƙa a cocinmu. Ya yi karatu har aji takwas, sannan gona ta kira shi. Mahaifiyarsa mace ce mai tsantseni wadda ba ta taɓa zama gaban mai hoto ba, domin a ganinta fariya ce; amma a 1949, da wasu masu shirya fim suka zo ɗaukar majigin tarbiyya wanda limaman soja za su riƙa nuna wa dakaru, sai na'urarsu ta kama ta ba da saninta ba, tana fitowa daga coci da farar hula, ta juyo tana dariya. Duk duniya hotonta ke nan.

Aikin soja

An ɗauke shi soja a 1951, aka tura shi Koriya a matsayin mataimakin limamin bataliya, Fasto Whitcomb. Aikinsa shi ne ɗaukar na'urar majigi daga sansani zuwa sansani, yana nuna finafinan da ke gargaɗi a kan giya da caca da mantawa da iyaye. Cikinsu kuwa har da wanda aka ɗauka a garinsu. Dakaru sun gane, don haka da fim ya zo ƙofar cocin sai ihu ya kaure: "Lem, ga Mama nan! Miƙe mana, marar kunya, ka gaishe ta!" Shi kuwa yakan miƙe, ya cire hula.

A hunturun 1952 labarin rasuwarta ya iske shi, bayan an daɗe da binne ta. Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a: idan jama'a sun watse, sai ya mayar da zaren fim baya, ya tsayar da na'urar daidai fuskarta. Kowane mai majigi ya san zafin fitila na ƙona zaren da aka tsayar, kuma shi ya fi kowa sani. Idan wuri ya ƙone, sai ya yanke, ya liƙe, ya rantse ya daina, washegari ya koma.

"Ɗana, kana cinye ta da ido fa," in ji Fasto Whitcomb.

"Yallaɓai, ai akwai irinsa ɗaruruwa a ajiye. Idan na koma gida sai in nemi sabo."

Kafin a tsagaita wuta a 1953, babu abin da ya rage nata a zaren. Aka rubuta wa gwangwanin da ake ajiye zaren "lalatacce", aka jefa shi wani ɗakin ajiya.

Aure da sana'a

Ya auri Vernell Gaddis a 1956, suka samu 'ya'ya huɗu. Ya yi shekaru talatin yana haska fim a silimar garin, kuma ba a taɓa jin zare ya ƙone a hannunsa ba. Tun daga shekarar dawowarsa yake bibiyar fim ɗin nan, har aka tabbatar masa cewa an tattara kwafin duka an lalata su, wai sun tsufa. Mu da muka zauna bayansa a coci mun san bai haƙura ba, duk tsohuwar da ta shigo da farar hula sai ya bi ta da kallo, har Vernell ta zungure shi ta ce, "Malam, wuyanka zai karye." Kewa ce, wallahi, irin wadda ba ta tsufa. Ya sha faɗa mana cewa muryarta tana nan a kunnensa, fuskar ce ke guje masa.

Shekarun ƙarshe

A 1998 'yarsa ta fari ta ci karo da gwangwanin fim ɗin a gwanjon tsofaffin kayan soja. Aka tara dangi a zauren coci, jikoki a gaba suna ɗokin ganin kakar da ba su sani ba, shi kuma ya sa kwat ɗinsa na Lahadi. Fim ya tafi sumul har ƙofar cocin, jama'a suna fitowa, sai hoto ya yi tsalle ya faɗa kan titi.

"Kaka, ina take?" in ji ƙaramar jikarsa.

Ya ce a kashe na'urar, a miƙo masa zaren. Ya bi shi da yatsa har ya taɓa wurin liƙin, ya daɗe bai ɗago ba. Ashe kwafin da ya tsira shi ne wanda aka watsar saboda lalacewa, aka manta da shi lokacin da ake tattara masu kyau.

"Liƙina ne," ya ce. "A nan take."

Rasuwa

Lemuel Tarpley ya rasu a watan Maris na 2001, yana da shekara saba'in babu ɗaya. An binne shi a maƙabartar cocinmu, gefen mahaifiyarsa, kuma bisa wasiyyarsa an sanya gwangwanin a cikin akwatinsa. Ya bar matarsa Vernell da 'ya'ya huɗu: Clement, da Rufus, da Althea, da kuma babbarsu Odessa, wadda tsofaffin garin ke rantsuwa cewa kamarsu ɗaya da mai sunan idan ta yi dariya. An sha tambayarsa ko haka ne, yakan dube ta ya daɗe, sannan ya ce shi dai ba zai iya shaida ba.