Abin da Na Ɓoye wa Baffana, Ofishin Haraji Na Faɗa wa

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwar hatsi ne a Daura, mai mata ɗaya da yara, ina zaune a gidan haya mai ɗaki biyu. Da kaka nakan shiga ƙauyukan Zango da Sandamu in sayi gero da dawa da gyaɗa, in zuba a sito, in jira bazara farashi ya tashi. Allah Ya sa wa abin albarka, amma ni da bakina ban taɓa yarda ba. Duk wanda ya tambaye ni kasuwa, sai in ɓata fuska in ce ana dai lallaɓawa. Tun ina yi don tsoron bakin mutane da 'yan bani-bani, har ƙorafin ya zame mini jiki.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Malamin zaure ne, kuma tun da aka dawo da Shari'a mutane suka ƙara damuwa da zakka, shi 'yan unguwa ke zuwa wa ya lissafa musu. Duk shekara yakan kira ni gefe ya tambaye ni ko dukiyata ta kai nisabi, wato adadin da zakka ke wajaba a kansa. Ni kuwa sai in karkata kai in ce masa ina fa, yawancin buhunan da yake gani na mutane ne, ni ɗan tsaro ne kawai. Ba ya musu. Sai ya yi mini addu'ar buɗi, wani lokacin ma ya aiko wa matata da kwanon gero daga gonarsa, wai a rage wa yara. Ina karɓa, ina godiya, alhali sitona a cike yake.

Ana nan sai aka gina wasu gidaje a bakin gari, wani banki marar kuɗin ruwa ya ce zai saya wa mutum ya riƙa biya a hankali. Matata ta ƙwallafa rai, ni ma haka, don mai gidan da muke haya ya ishe mu da gori. Da na je, ma'aikacin bankin ya ce tunda ba albashi nake ɗauka ba, sai na kawo takardar shaidar biyan haraji wadda ke nuna abin da nake samu, sannan in zo da dattijo mai mutunci da zai tsaya mini. Ya ce in hanzarta, gidajen ba su da yawa. Ni da ko ganin ma'aikatan haraji na yi a kasuwa sai in zagaya bayan rumfa, sai ga ni a ofishinsu tun farkon shekara, kafin ma su fara bin mutane. Ma'aikacin da na tarar ya yi ta zolayata, wai tun da ya fara aiki bai taɓa ganin ɗan kasuwa ya kawo kansa da sassafe ba sai an biyo shi.

A nan bakina ya buɗe. Na zayyana masa cinikina na shekarun baya ba tare da na rage komai ba, don na san idan samun ya yi kaɗan bankin ba zai kula ni ba. Da na ga yana gyaɗa kai yana rubutawa, sai daɗi ya ɗebe ni, na ƙara gishiri a kan gaskiyar. Ya yanka mini haraji mai nauyi, na biya ban ko yi tayi ba, na fito da takarda ina jin kaina wani babban attajiri. Batun mai tsaya mini kuwa ban yi dogon tunani ba, wa nake da shi da ya fi Baffa? Lissafina shi ne Baffa ajami da Larabci yake karantawa, takardar kuwa da Turanci take, zai sa hannu ne kawai mu tashi.

Ranar da za mu bankin ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, na ɗauke shi a babur, yana ta murna yaronsa zai yi gida. Abin da ban sani ba shi ne, a ƙa'idarsu sai an fassara wa mai tsayawa abin da zai sa wa hannu. Cikin ladabi ma'aikacin bankin ya shiga karanta masa takardar harajin da Hausa, shekara bayan shekara, har yana yaba mini da cewa irina ake nema. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya ajiye biron da aka miƙa masa, ya juyo ya tambaye ni a hankali wanne ne gaskiya, abin da na faɗa wa hukuma ko abin da nake faɗa masa. Ya ce in takardar ce gaskiya, to shekara da shekaru ina cin haƙƙin miskinai, in kuma maganata ce gaskiya, to na kawo shi da furfurarsa ya yi shaidar zur. Ni kuwa duka biyun na aikata. Ya nemi afuwar ma'aikacin a kan ɓata masa lokaci, ya fita, ya ƙi hawa babur ɗina, ya tafi gida a ƙasa.

Gidan dai ya wuce ni, don ban iya ɗaga ido na nemi wani dattijon ba. Bayan kwanaki na je na durƙusa a zaure na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya lissafa mini zakkar da ta hau kaina, na fitar, na koma ofishin haraji na gyara ƙarin da na yi. Ya ce ya yafe nasa, sauran tsakanina da Allah ne.

Abin da na koya shi ne, na ji tsoron rasa gida fiye da yadda na ji tsoron Allah, kuma na ɗauki rashin bokon mutumin da ya raine ni a matsayin damar da zan ci. Ina jan kunnen 'yan uwana masu sana'ar kansu: kada ku zama talakawa a gaban malami, attajirai a gaban banki. Gida ana iya samun wani, kuma ina sa rai. Amma kwanan baya na dawo daga Zango na ce wa Baffa an yi ruwa sosai a can, ya amsa da madalla, sannan ya juya ya tambayi ƙanena da muka je tare ko haka ne.