Neman A-kori-kura da Baba

Asabar bakwai na ɓata ina yawo da mahaifina daga wannan filin sayar da motoci zuwa wancan, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni malamar makaranta ce. Ranar Asabar kaɗai nake da ita ta wanki da gyaran kai da ɗan miƙe ƙafa. Amma da yake ni ce mai ƙaramar mota a gidanmu, kuma ni ce ba na iya ce wa Baba a'a, sai aikin ya faɗo kaina.

Baba mai gyaran inji ne, ba makanikin mota ba, kuma yana jin haushi in an haɗa shi da su. Injin ban-ruwa, injin niƙa, janareta, duk wani abin da ake ja wa igiya ya tashi, shekara arba'in yana buɗe cikinsu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, ƙasan ya yi baƙi ƙirin da mai, bangon kuwa cike da kusoshi, kowace da abin da aka rataya mata. A unguwa Likita ake ce masa, saboda yadda yake duba inji. Zai kafa bakin dogon sukundireba a jikin ƙarfen, ya manna kunne a mariƙin, ya rufe ido. Minti ɗaya sai ya ɗago ya gaya maka abin da ke damun injinka, in aka buɗe kuma haka za a tarar. Mu da muka tashi a gidan mun sha wahalar kunnen nan. Ko fanka ce ta canza ƙara, sai kowa ya haɗiye maganarsa har Baba ya gama saurarenta.

Rabin aikinsa a gonaki yake, don manomi ba ya cicciɓo injin ban-ruwa ya kawo gari, kai za ka je ka same shi. Baba yana da injin walda a kan 'yar tirela mai taya biyu, da akwatin kayan aiki ɗaure a gefe. Shekara da shekaru motar haya yake nema ta ja masa ita. Direban haya kuwa a bakin titi yake ajiye ka, sauran tafiyar cikin gona sai turi da ƙarfin ƙirji. Bara ciwon baya ya kama Baba, ya yi sati uku a kwance. Likitan asibiti, na gasken ke nan, ya ce ya daina turi da ɗaga nauyi. Babban yayanmu kuma ya ce ba nauyi kaɗai ba, shagon ma a rufe.

"Baba, ka yi naka, ka huta haka," in ji Yaya. "Me muka rage ka da shi?"

"In zauna in yi me? In riƙa gadin kajin uwarku?"

Sai da aka kai ruwa rana sannan suka daidaita. Za a nemo a-kori-kura ta hannu, mai lafiya, wadda za ta ja tirelar har gindin injin da za a gyara, Baba ba turi ba ɗauka. In an samu kafin manoma su fara ban-ruwa, wata biyu ke nan, ya ci gaba da aikinsa. In ba a samu ba, a sa wa shago kwaɗo. Baba ya yarda, amma da sharaɗin shi zai zaɓa da kansa, kada a jawo masa wani makanike ya tsaya masa a ka.

Dillalin da ya riƙa kai mu wani siririn mutum ne da ake ce wa Ba-Matsala, don duk abin da ka tambaye shi amsar ke nan. Taya ta suɗe? Ba matsala. Ƙofa ba ta rufuwa? Ba matsala. A Asabar ta farko bawan Allah ya ɗauka ya samu tsoho mai sauƙin kai. Yana ta yabon fenti da kujeru, Baba ko kallo bai yi ba. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya juyo.

"Wa ya ɗumama ta kafin mu zo?"

"Ba matsala, Baba, an ɗan tayar ne don…"

"Ni da sanyinta nake son in ji ta. Mu tafi, Uwata."

Uwata ni ce, haka yake kirana tun ina ƙarama. Daga ranar nan kuma na shiga uku, don dole mu isa kowane fili da sassafe, kafin wani ya taɓa makulli. Ina tuƙi ina hamma, shi yana gefena da sukundireba a cinya, ya naɗe shi a tsumma.

Ta biyu ya ce tana tari a ciki. Ta uku ya zaro sandar duba mai, ya murza a yatsa, ya ce an zuba mata mai kauri don ta yi shiru. Ta huɗu ko buɗe ta bai bari an yi ba, tun daga nesa ya ce ya ji abin da ya ji. Ba-Matsala ya fara ramewa a gaban idonmu.

"Baba," na ce, "tirela mai taya biyu fa za ta ja, ba jirgin ƙasa ba."

"Uwata, ke kin san allo, ni na san inji."

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce ta Asabar ta biyar. Fara ce tas, ta wata dattijuwa mai sayar da dashen itatuwa, wadda ta daina tuƙi saboda ido. Kullum a rumfa take kwana, ga takardunta a jere cikin jaka, ga ƙugiyar jan tirela a baya. Har shayi matar ta ba mu. Baba ya kafa sukundireba, ya rufe ido, ya daɗe, sannan ya ce akwai wani ɗan ƙyas-ƙyas can ƙasa-ƙasa. Ni ban ji ba, matar ba ta ji ba, Ba-Matsala ya rantse bai ji ba. A hanyar komawa sai cika nake ina batsewa, shi kuma ko a jikinsa, yana ta ba ni labarin wani janareta da ya gyara tun kafin a haife ni.

A Asabar ta bakwai saura kwana goma wa'adin Yaya ya cika. Ba-Matsala ya kai mu bayan wani gidan ƙanƙara, inda wata shuɗiyar a-kori-kura take tsaye. Kifi take ɗauka cikin ƙanƙara, har yanzu bayanta yana ƙarni. Aka murza makulli ta tashi lokaci ɗaya. Baba ya saurara ta dama, ya zagaya ya saurara ta hagu, ya sa aka taka mai aka saki. Sai na ga abin da na fid da ran gani, tsohon nan yana murmushi.

"Wannan ita ce," ya ce.

Maigidana ya taɓa ce min motar da za ta yi ja, ƙasanta ake fara dubawa, wato dogayen ƙarafan da ke ɗauke da jikinta, inda ƙugiya take kamawa. Na ɗan sunkuya, na hango an shafe wurin da baƙin fenti yana ta sheƙi.

"Baba, ba za ka leƙa ƙasanta ba?"

"Mai injin da ke wannan muryar ba ya wasa da motarsa."

"Ai dai leƙawa ba ta…"

"Uwata, na gama."

Gaskiya ni ma na gaji. Ina son Asabar ɗina ta dawo hannuna, don haka na ƙyale shi. Aka yi ciniki, Ba-Matsala ya kusa yin kuka don murna.

Yaya ya ce fitar farko sai da rakiya, kuma kowa ya san wa ake nufi. Asabar ta takwas muka ɗaura tirela muka nufi gonar wani mai lambu. A kan kwalta lafiya lau, Baba yana tuƙi yana kaɗa kai, kowane minti biyar sai ya ce in saurara. Muka sauka hanyar ƙasa mai ramuka. A wani ɗan kwari motar ta sauka ta hau, sai muka ji ƙaras daga baya, ta yi wani tsalle kamar an sauke mata kaya. Na waiga na ga tirelarmu ta kama hanyarta daban. Ta gangara a hankali, ta kwanta da gefe cikin wani rami, akwatin kaya ya buɗe, sifanu suka watse cikin ciyawa.

Muka fito. Ƙugiyar tana nan maƙale a bakin tirelar, ta taho da guntun ƙarfen motar kamar tafin hannu biyu. Na ɗauki gefen na matsa, ya ruguje a yatsuna kamar busasshen biredi. Tsatsa ce zalla aka lulluɓe da fenti. Ruwan ƙanƙarar da ya yi shekaru yana ɗiga ta ƙasan bodi ya gama cinye ƙarfen. Injin kuwa yana can yana ta aikinsa lafiya lau, ko gargada babu, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Asabar bakwai, Baba! Ka ƙi ta dattijuwar nan saboda ƙarar da kai kaɗai ka ji a duniya, ka zo ka ɗauki wannan! Na ce ka leƙa, na ce ka leƙa! Shekara arba'in kana aikin ƙarfe, ba ka san tsatsa ba? Da a kan babban titi ne fa, da mota a bayanmu?"

Ya zagaya ya kashe motar, ya dawo ya dafa bodin da hannu ɗaya, yana kallon injin waldarsa a rami.

"Na san ana dubawa," ya ce a hankali. "Tun ta farko na sani."

"To me ya hana?"

"In na kwanta a ƙarƙashin mota, Uwata, ba zan iya tashi da kaina ba. Na gwada a shago, na rufe ƙofa. Sai da na ja jiki zuwa teburi na kama ƙafarsa. Kina so dillali ya ɗago ni a gabanki, ki je ki gaya wa yayanki?"

Haushi bai tafi ba, sai dai ya koma kaina. Sati bakwai ina tsaye a gefensa ina duba agogo, ban taɓa lura cewa duk abin da yake yi a tsaye yake yin sa ba. Kunya ta kama ni, tausayinsa kuma ya cika min ciki har na rasa inda zan sa idona.

Wayata ta yi ƙara, Yaya ne. Baba ya ga sunan a fuskar wayar, ya kau da kai.

"Yaya aiki? Mota ta yi?"

"Ba ta yi ba, Yaya. Ƙasanta ruɓaɓɓe ne, ƙugiya ta cire. Ba wanda ya ji ciwo."

"To ai shi ke nan. Dama na faɗa. Gobe zan zo da kwaɗo."

"Ba za ka zo da komai ba. Injinta lafiyayye ne, za a samu mai so. Ka ƙara mana wata ɗaya."

"Ke da kike ta ƙorafin Asabar ɗinki?"

"Asabar ɗin tawa ce ai. Baba zai duba sama, ni zan shiga ƙasa."

Na kashe wayar kafin ya sake magana. Baba ya dube ni daga ɗankwali har takalmi, ya girgiza kai.

"Da wannan kayan za ki shiga ƙarƙashin mota? Sai kin nemi kwali da tocila da ƙaramar guduma. Kuma ba bugu ake yi kamar ana fasa dutse ba, zan nuna miki."

"To, Baba."

"Yanzu sauka ki tsinto min sifanun nan kafin su ɓace. Goma sha huɗu ne, kada ki dawo min da sha uku."

Na tattare zanena na gangara cikin ramin.